Filin Tambaya da Amsa: Na Ƙuntata Cefane Don In Ajiye Aiki da Wuri

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kaduna, shekarata 41, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Babbar tana aji biyu a babbar sakandare, autan kuma shekararsa biyar. Maganar gaskiya aikin ofis ya fice mini a rai, na kuma ƙudura in Allah ya kai ni shekara 50 zan ajiye. Na ga labarin wasu mutane a Amurka da suke matse bakin aljihu, su tara abin da za su tara, su bar aiki tun da sauran ƙarfinsu, sai na ce ni ma bari in gwada. Tun bara na zabtare naira 40,000 daga kuɗin cefane na wata. Nama sai ranar Juma'a, ƙwai da madara kuwa sai wanda ba shi da lafiya. Na kuma soke tafiyar da muke yi da iyali zuwa gida Azare ƙaramar Sallah da babba, don kowace tafiya tana cin kusan naira 200,000. Yanzu duka-duka gidana yana cin kamar 300,000 a wata, har da haya da kuɗin makaranta. To maiɗakina ta ɗauki fushi, wai maƙo ya shige ni, mahaifiyata kuma har ta turo ƙanena ya zo ya ga ko lafiya. Don Allah a kan daidai nake? Kuma ina ya dace in riƙa zuba abin da nake tarawa, don ba na son abin da ya shafi kuɗin ruwa?

Wani ma'aikaci, Kaduna

AMSA

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Niyyarka ba ta da aibu. Wanda ya zauna yana shekara 41 yana tunanin abin da zai ci a tsufansa ya fi da yawa daga cikin waɗanda na yi aiki da su, masu manta akwai ritaya har sai takardar sallama ta iso tebur. Amma kafin mu zo kan fushin maiɗakinka, ɗauko biro. Wasiƙarka ta faɗi abin da ka rage, ba ta faɗi nawa kake nema ka tara ba.

Naira 40,000 sau 12, 480,000 ke nan a shekara. Sallah biyu, 400,000. Ka haɗa, 880,000. Daga yanzu zuwa cikarka 50 shekara tara ce. Wato duk wannan tsuke-tsuken da ya dagula maka gida bai cika naira miliyan 8 ba.

Su mutanen Amurkan da ka gani ba da ka suke yin abin ba, suna da ma'auni. A 1994 wani mai ba da shawara kan ajiyar kuɗi, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun bashin gwamnatin ƙasarsu tun daga 1926. Ya ce wanda ya cire kusan kashi 4 cikin 100 na abin da ya tara a shekarar farko, yana ɗan ƙarawa gwargwadon tashin kaya, dukiyar za ta riƙe shi shekara 30. Daga nan aka samo lissafin da suke yayatawa, wai ka tara ninki 25 na abin da gidanka yake ci a shekara. Gidanka yana cin miliyan 3 da dubu 600. Ninki 25 ɗinsa miliyan 90. Kai kuma kana kan hanyar miliyan 8. Ko tukunyar ka kife gaba ɗaya kowa ya koma shan ruwa, ba za a haɗu ba.

Kuma wannan ma'auni da dala aka yanka shi, ba da naira ba. Ai da mu aka yi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da gwamnati take sayarwa kusan 460 ta wuce 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, ta kayan abinci kuwa ta haura 40 a tsakiyar shekarar. Abin ya lafa daga baya, Allah ya ƙara sauƙi, amma mai shirin shekara talatin ba ya gina lissafinsa a kan shekara guda mai kyau. Mu sassauta mu ce kaya za su riƙa tashi da kashi 15 kacal duk shekara. Rayuwar da kake yi yau da 300,000, ranar da za ka ajiye aiki sai ka nemo sama da miliyan ɗaya a wata kafin ka yi irinta.

Sai 'ya'ya, waɗanda ban ga ka sa su a lissafin ba. Ranar da ka cika 50 autanka yana shekara 14, ko sakandare bai gama ba. Na tsakiya biyun suna jami'a ko suna bakin shiga. Babbar kuma in ba ta riga ta tafi ɗakinta ba, to tana hanya, ka kuma san abin da kayan ɗaki da gara suke yi wa uba. A gidan Bahaushe shekarun da magidanci ya fi zubar da kuɗi su ne daidai waɗanda kake son tsinke albashi a cikinsu. Baturen da ka karanta labarinsa ba ya yi wa 'yarsa gado da kujeru, ba ya haɗa wa ɗansa lefe, ba kuma a bugo masa waya daga ƙauye a ce rufin ɗakin Inna ya yaye.

Za ka ce ai akwai fansho. Akwai. Dokar 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusunka na ritaya. Cin moriyar asusun yana farawa ne in ka yi ritaya kuma ka cika shekara 50, don haka shekarar da ka zaɓa ba ta saɓa wa doka ba. Amma doka ta yarda daban, kuɗin su ishe ka daban. Ma'aikacin tarayya yana da damar zama har ya kai 60 ko ya cika shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shekarun da kake shirin yafewa su ne na albashi mai tsoka, lokacin da kashi 18 ɗin nan ya fi nauyi. Ka rage abin da zai shiga asusun, ka kuma tsawaita shekarun da za a raba shi a kai. Ba duka za a damƙa maka ba. Wani kaso za a ba ka a dunƙule, sauran a riƙa sakar maka wata-wata. Ka je kamfanin da yake riƙe da fanshonka su buga maka abin da ke ciki yau, su kuma ƙiyasta maka na wata in ka fita a 50, da in ka fita a 60. Ka tambayi ofishinku makomar katin inshorar lafiyar iyalinka ranar da ka fita, don tsarin ma'aikata da albashi yake tafiya, hawan jini da ciwon suga kuma sun fi son ɗan hamsin.

Lokacin da nake sashen albashi akwai wani bawan Allah da ya ajiye aiki yana hamsin da 'yan kai. Aka yi masa walima, ya raba mana katin shagon kayan gini da zai buɗe. Ba a jima sosai ba ya fara leƙo mu. Yakan zo da hantsi, kaftani a goge, ya zauna a bencin baranda da ambulan ruwan ƙasa a cinya, ya gaisa da kowa har masinja. Sai ofis ya yi sauƙi sannan ya matso, ya rage murya, ya tambaya ko an ji labarin wani ɗan aikin kwantiragi. Ba aure ya ƙara ba, ba wani shashanci ya yi ba. Bai taɓa sayar da ko ƙusa ba kafin ranar da ya buɗe shagon, 'yan bashi suka kwashe simintin, 'ya'yansa mata biyu kuma suka tashi aure a shekara ɗaya.

Mu dawo kicin, inda rigimar take. Rage ci daban, iya saye daban, kai kuma na farkon ka ɗauka don shi ya fi sauƙi. Ka rage abin da kake ajiyewa da safe ka sa takalmi ka fice, wata ce za ta san yadda za ta yi da bakin yara huɗu in sun dawo makaranta. Ciyarwa haƙƙi ne a wuyanka gwargwadon ƙarfinka, kuma ayar nan ta Suratul Isra'i da ta hana shimfiɗa hannu gaba ɗaya, da hana ƙuƙunce shi a wuya ta fara. Ina da tambaya, kada ka ji haushi. Tun da aka daina ganin nama a miyar gidanka, an daina tsayawa wurin mai balangu a hanyar dawowa? Abincin rana a ofis fa, da kuɗin data, da ɗan abin da ake zubawa a majalisa? Na ga maza da yawa da tsiminsu yake farawa daga zaure ya yi cikin gida, bai taɓa leƙa waje ba. In ba ka cikinsu, madalla. In kana ciki, maiɗakinka ta sani, kuma rabin fushin daga nan yake.

Tsimin abinci na gaske da lokaci ake yin sa. Kana zaune a jihar da take cikin na gaba-gaba a noman masara. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, masara da dawa da wake da waken suya suna sauka a kasuwannin Saminaka da Giwa da Soba a kan kuɗin da mai awon kwano a unguwa ba zai taɓa ba ka ba. Ku haɗa kai da abokan aiki biyu ko uku, ku ɗauki mota ɗaya, kowa ya sayi na cin shekara. Abin da yake hana mutane ajiye wake ƙwaro ne, maganinsa kuma ba sai an barbaɗa guba ba. Wannan ɗabi'a ta barbaɗe ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Ka nemi buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A shanya waken ya bushe ƙarau, har in ka ciza ya ce ƙas. A hura ledojin a tabbatar ba huda. A zuba, a danne iska ta fita, a murɗe bakin ta ciki a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun, kowanne da igiyarsa. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ƙwaron da yake ciki iska ce take ƙare masa ya mutu. Wanda za a riƙa ɗiba kullum a zuba shi a jarka mai murfi, kada a riƙa kwance babban buhun.

Haka kayan miya. Daga Janairu zuwa Maris tumatir da tattasai da attaruhu na noman rani suna cika kasuwa har ana roƙon mai saye. Lokacin ake yanka kauɗa a shanya, ko a markaɗa a dafe ruwan a ɗura a kwalba. Wadda ta yi haka ba ruwanta da kukan da ake yi in damina ta faɗi tumatir ya zama na masu hali. Kuka da kuɓewa da daddawa ma haka, sari ɗaya ya fi ƙulle-ƙullen kullum. Gargaɗi ɗaya dai: na ci za ka saya, ba na jiran tsada ba. Waɗanda suka cika rumbuna a ƙarshen 2024 suna jiran bazara, da farashin hatsi ya karye a 2025 da yawansu ko uwar kuɗi ba su fitar ba.

Nama kuma ba dole sai kullum ba, a nan ina tare da kai. Amma in an cire shi sai an sa wani abu a gurbinsa, don yara masu tasowa ba a gina su da tsurar tuwo. Awara, alale, ɗan wake, kunun gyaɗa, busasshen kifi a miya, zogale da ƙuli. Ƙwan nan da ka mayar maganin marar lafiya, a dawo da shi. In akwai firiza da ɗan abin wuta, ku shiga watanda, naman ya fi na teburin mahauci auki nesa ba kusa ba. Duk wannan aikin ba kai za ka yi shi ba, ita za ta yi. Mace ba za ta tsaya a rana tana yanka kwandon tumatir don burin da ba a shawarce ta a kai ba. Ka zaunar da ita, ka nuna mata albashin da lissafin, ka ce ga inda nake so mu je. Abin da ta rage ta hanyar dabararta a ware mata kaso a ciki, nata na kanta. Za ka sha mamakin inda za ta gano ɓarnar da kai ba ka gani.

Maganar Azare ita ta fi damuna. Mahaifiyar da ta kai ga turo ɗa ya duba ko lafiya ta daɗe tana haɗiyewa. Ba ka san Sallah nawa ta rage mata ba, kuma babu ribar da za ta biya ka wannan. Ko a ma'aunin kuɗi zalla ka yi kuskuren lissafi. In ka ajiye aiki ina za ka? Wa zai nuna maka gonar da ba rigima a kanta, wa zai duba maka dabbobi, wa zai tsaya maka in ciwo ya kwantar da kai? Mutanen da ka yi shekara tara ba ka taka ƙofarsu ba? Zumunta a ƙafa take, kuma a ƙasar da asibiti yake cewa a ajiye kuɗi kafin a taɓa majiyyaci, dangi su ne inshorar da ba ta ƙarewa da aiki.

Ka zauna ka fasa wannan 200,000 ɗin gida-gida. Za ka tarar mota ba ita ta fi ci ba. Ɗinki ne kala biyu-biyu, da tsarabar kowane ɗaki, da sababbin kuɗin barka da Sallah, don a ce mutumin Kaduna ya zo. Nan ne wurin yanka. Ku je da iyali sau ɗaya a shekara, ku tashi kwana uku kafin jajibere tun 'yan tasha ba su ninka kuɗin mota ba. Tsaraba buhun masarar kaka ya isa, Inna ta raba da hannunta. Yara su kalli hawan Sarkin Katagum, wanda ba a biyan ko sisi, su kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yan baffanninsu. Ɗaya Sallar ka je kai kaɗai a motar haya, ko da kwana biyu ne. Rabin kuɗin ya dawo aljihu, ba kuma wanda zai sake turo ɗan aike.

To ina za a zuba abin da aka tara? Kada dai ya kwanta a asusun ajiya. Naira a can kamar wake ce a buhun da ƙwaro ya riga ya shiga, buhun yana nan a cike, sai ranar kwancewa a tarar da gari. Ka bar na cin wata shida kawai saboda larura. Bayan wannan, babban abokin gabarka haya ce. Ɗan fansho mai gidan kansa da ɗan fansho mai biyan haya ba layi ɗaya suke ba. Fili mai takarda, ko a gefen gari ne, a riƙa ɗora bulo a hankali. Tun 2022 hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba da damar amfani da kashi 25 na asusun ritaya a matsayin kafin alƙalamin sayen gida ta hanyar lamuni, sai ka bincika ko akwai tsarin da ya dace da sharaɗinka na gudun ruwa.

Akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari da ba ruwanta da kuɗin ruwa, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Kuɗin haya ake biya sau biyu a shekara, ana kuma shiga da naira 10,000. Na farkon kashi 16.47 ya biya a shekara, na tsawon shekara bakwai. Ka lura da kyau, a 2024 wannan bai kai rabin tashin kaya ba, don haka sukuk yana rage asara ne, ba ya mayar da mutum attajiri. A fansho ma tun 2021 akwai rukuni na shida wanda ba a juya shi da kuɗin ruwa, kana iya neman a mayar da kai can, kana kuma iya ƙara zubi na ganin dama. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata guda, ka tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025, masu irin wannan alƙawari da suka rushe da kuɗin jama'a, ka yi masa sallama. In ajiyar ta kai nisabi shekara ta zagayo, ɗaya cikin arba'in ba naka ba ne, ka sa shi a lissafi tun yanzu.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne sana'a. A wurinmu ban san wanda ya bar aiki yana hamsin ya zauna cin ajiya har ta kai shi ba. Waɗanda suka ji daɗi wani aikin suka koma, wanda suka riga suka iya. Dokar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulkin 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati tafiyar da kasuwancin kansa, amma ta ware noma. Ga ƙofa nan. Ka fara da 'yar gona, ko raguna kaɗan da za a turke watanni kafin layya. Ka yi asararka ta koyo yanzu, albashi yana tare maka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni dai a ganina ka daina ɗaure ranar fita da shekarun haihuwa. Ka ɗaure ta da abu uku: kana cikin gidanka, autanka ya gama sakandare, kuma gonar ko kiwon ya ɗauki rabin hidimar gida shekara uku a jere, a rubuce a littafi, ba a baki ba. In sun cika kana 52, bismillah. In sai 57, ba ka makara ba. Kafin nan ka mayar wa maiɗakinka aƙalla 30,000 daga abin da ka zabtare, ka kuma kira Inna yau.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai zaman kansa a Kano, shekarata 34, da aure da yara biyu. Maigidana yana riƙe gida, albashina nawa ne. Aikin dare ya gajiyar da ni, ina so in na kai 45 in bari in buɗe ɗan kemis. Ƙawayena suna adashin Umara duk goman ƙarshe na azumi, wasu har Dubai da Masar suke zuwa hutu, ni kuwa ban taɓa bin su ba, ko Makka ban taɓa zuwa ba. A wurin aiki ma sau da yawa ba na sayen abinci, sai in haƙura har in koma gida. Sun fara yi mini tsiya wai ina tara wa magada. Ko na cika matsa wa kaina?

Wata ma'aikaciyar jinya, Kano

AMSA

'Yata, a wuri ɗaya kin matsa, a ɗayan kuma kin fi su gaskiya. Yini da yunwa a kan ƙafa kina ɗaga majiyyata ba tanadi ba ne, ke da kike ba wasu maganin gyambon ciki kin fi ni sani. Ki riƙa ɗiba daga tukunyar gida a 'yar kula, ko dafaffen ƙwai da gurasa, ko dambu. Kuɗin da kike ragewa a nan bai kai na kwalin magani ɗaya ba.

Dubai da Masar kuwa ki bar su da abinsu. Tsiyar ƙawaye ba ta kashe kowa, kuma ba ki san wadda bashi ya kai ta ba. Amma kada ki haɗa Makka da yawon hutu a kwando ɗaya. Tun da ba ki sauke farali ba, shi ne a gaba, kafin Umarar nafila, kafin ma kemis in hali ya samu. Jinkirinsa kuma tsada yake ƙarawa, don da dala da riyal ake lissafinsa. Kujerar da ba ta kai naira miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. Tun 2020 Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta buɗe tsarin adashin gata na Hajji tare da bankin Jaiz, ana zubawa kaɗan-kaɗan. Ki raba ajiyarki gida biyu, ɗaya can, ɗaya na shago. Hutu kuma ki riƙa ɗaukar naki na shekara cif, ko da gidan iyayenki za ki je ki yi barci. Mai aikin dare da ba ta hutawa ba za ta kai 45 ɗin da ƙarfinta ba.

Naki shirin ya fi na ɗan'uwanmu na Kaduna tsayuwa da ƙafa, don ba zama za ki yi ba, sana'ar da kika sani za ki koma, kuma ba ke kike ciyar da gida ba. Sai dai ki kula da abu biyu. Shagon magani lasisi yake buƙata daga hukumar kula da harkar haɗa magunguna ta ƙasa, kuma akwai iyakar irin maganin da mai ƙaramin kemis zai sayar, ko da ma'aikaciyar jinya ce. Ki san sharuɗɗan tun kafin ki kama shago. Na biyu, kada ki sa kuɗin fansho a jarin. Wanda ya bar aiki bai kai 50 ba, abin da doka ta ba shi kashi 25 ne na asusun, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Sauran sai kin cika 50.

Na san mata da yawa gwal suke saya su ajiye, kuma dabara ce mai kyau a zamanin da naira take zubewa. Ki sayi mai sauƙin aiki, don kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa, ki karɓi rasit mai nauyin giram, ki kuma tambayi malamai hukuncin zakkarsa, don wanda aka saya don ajiya ba ɗaya yake da na ado ba. Adashi kuma ba laifi in na mutanen da kika sani ne, amma mai ɗaukar ƙarshe ita take cin asarar tashin kaya, don haka kada ki shiga mai dogon zango.

Dokar fansho ta wajabta tsarin a kan duk ma'aikata mai zaman kanta da take da mutum 15 ko fiye, amma wasu sukan cire daga albashi su ƙi turawa. Wannan makon ki je kamfanin fanshonki ki karɓo bayanin asusunki na wata 12 da suka wuce, ki jera shi da takardun albashinki, ki bi wata-wata. In kin ga giɓi ki fara da ofishin kuɗin asibitinku a rubuce, in ba a gyara ba ki kai ƙorafi PenCom.